Babi na 6: Zaman Sasanta Saɓani Tsakanin Miji da Mata

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mutum biyu da suke gida ɗaya. Wannan babi zai nuna muku yadda za ku zauna ku biyu ku yi magana ba tare da ta koma faɗa ba. Ku karanta a hankali. Inda kalma ta yi muku wuya, ku sa yatsa a ƙarƙashinta ku sake karantawa, babu mai korar ku.

Darasi na 1: Lokaci da wuri

Kada a ta da maganar rai yana ɓace, ko ana jin yunwa, ko mutum ya shigo gida ko takalmi bai cire ba. Ɗayanku ya ce: "Akwai maganar da nake so mu yi, yaushe za a samu sarari?" Sai ku tsayar da lokaci cikin kwana ɗaya ko biyu. Ku zauna inda yara ba za su ji ba, a kife waya nesa da hannu. Magana ɗaya tak za a ɗauko. In ta dawowa gida a makare ce, to ita kaɗai, laifin bara ya jira ranarsa. Minti 20 zuwa 30 sun isa.

Darasi na 2: Faɗa da maimaitawa

A nan ne yawancin ɗalibai suke tuntuɓe, shi ya sa za mu daɗe a kai.

Mai magana ya riƙe biro. Wanda biro yake hannunsa shi kaɗai ke da baki. Ya faɗi jimla biyu ko uku, ya tsaya. Jimla ita ce magana daga farkonta har inda aka sa aya. Ya faɗi abin da ya faru, da yadda ya ji, da abin da yake so. Misali matar ta ce: "Maigida, jiya ka kai dare ba ka sanar da ni ba. Hankalina ya tashi, na kasa barci. Ina so in za ka daɗe ka kira ni." Ku lura, ba ta ce "kullum haka kake" ba. Da zarar mutum ya ji "kullum", sai ya shiga lalubo ranar da ya yi daidai don ya wanke kansa, sauraro kuwa ya ƙare.

To, ga matakin da ake faɗuwa. Mai sauraro ba zai ba da amsa ba tukuna. Zai fara maimaita abin da ya ji. Ya ce: "Abin da na ji shi ne, rashin kiran ya tayar miki da hankali, kina so in riƙa sanar da ke. Haka ne?" In ta ce haka ne, sai ta miƙa masa biro, nasa lokacin ya zo. In ta ce ba haka ba ne, ta sake faɗa, shi kuma ya sake maimaitawa, ko da sau uku ne.

Dalili kuwa, yayin da ɗaya ke magana, ɗayan yana can yana ƙulla amsa a zuci, rabin maganar kaɗai ke shiga kunnensa. Wanda ya san za a sa shi maimaitawa dole ya kasa kunne. Kuma maimaitawa ba ta nufin ka yarda kai ne mai laifi, tana nuna ka ji ne kawai.

Ku duba waɗannan ukun, duka kuskure ne. "Na ji, amma ai aiki ne ya riƙe ni." Wannan amsa ce, an tsallake maimaitawa. "Wato dai kina cewa ban damu da ke ba." Wannan ƙari ne, ba ta faɗi haka ba. "To, na ji." Me ka ji? Faɗe shi. Uwargida, ke ma haka: in biro ya koma hannunsa, ki maimaita tasa maganar kafin ki buɗe taki.

In kun kasa a karon farko kada ku karaya, baki bai saba ba ne. Ku fara gwadawa da ƙaramar magana wadda babu zafi a cikinta. Amma ku ji da kyau: wasu suna karanta darasin nan su gyaɗa kai, su koma gida su yi yadda suka saba, sannan su dawo suna cewa hanyar ba ta aiki. Wanda ya tsallake maimaitawa bai gwada hanyar ba sam. Wannan ba rashin ganewa ba ne, gaggawar kare kai ce, ku daina. Ku ɗauko littafinku ku rubuta wannan sau 5: "Abin da na ji shi ne."

Darasi na 3: In zuciya ta hau

Alamunta su ne murya ta ɗaga, fuska ta yi zafi, ƙirji yana dukan uku-uku. Sa yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugun na daƙiƙa 15. In ya haura 25, wato ya wuce 100 a minti, magana ba za ta shiga ba. A tashi, a huta aƙalla minti 20, a faɗi lokacin dawowa kafin a fita. Ficewa ba tare da faɗin lokaci ba tana ƙara wa ɗayan zafi. Kada a zauna ana tisa laifin a rai, a ɗan taka ko a wanke fuska. In an dawo, da maimaitawa za a fara.

Darasi na 4: Matsaya

Ku yarda a kan abu ɗaya ƙarami: wa zai yi, me zai yi, yaushe. Ku rubuta shi. Bayan mako guda ku duba ko an cika.

Darasi na 5: Inda wannan hanya ba ta isa ba

In akwai duka, ko barazana, ko ɗaya yana tsoron ɗaya, kada a zauna su biyu. A sanar da babba amintacce, ko ma'aikacin lafiya, ko hukuma.