Darasi na Tara: Tsayin Tirela da Dogon Kaya

A tashar manyan motoci ta Jega, wani direba ya gama lodin injin girbin shinkafa da za a kai Argungu. Yaron motarsa ya ɗaure sarƙa, ya ce, "Oga, an gama, mu ɗau hanya."

Direba ya ce, "Ka auna?"

"Mai kaya ya ce mita uku da rabi ne."

"Wannan tsayin inji ne yana ƙasa. Yanzu a ƙasa yake?"

Yaro ya yi shiru, ya je ya ɗauko tef.

Abin da direban yake nufi shi ne darasinmu na yau. Gada ba ta san tsayin kayanka ba, tsayin motarka gaba ɗaya ta sani, tun daga inda taya ta taɓa kwalta har zuwa ƙololuwar kaya. Saboda haka lissafin biyu ne a haɗe: tsayin bayan tirela, a tara da tsayin kaya.

Bayan tirela iri-iri ne. Shimfiɗaɗɗen baya, wanda ake kira falat bodi, yana kai kimanin mita 1.5 daga ƙasa, wato wajen ƙafa biyar. Idan ka tsaya kusa da shi zai zo maka ƙirji ko kafaɗa. Akwai mai hawa biyu, gaba a sama baya a ƙasa, wanda bayansa bai wuce mita 1 da 'yan kai ba. Sai lobed, mai kwantaccen ciki, wanda ake ɗora wa katafila da manyan injuna. Shi wajen mita 0.6 ne, da kaɗan ya wuce gwiwa.

Ɗauki fensir mu yi tare. Injin nan mita 3.5 ne. A kan falat bodi:

1.5 + 3.5 = 5.0

A kan lobed kuwa:

0.6 + 3.5 = 4.1

Inji ɗaya ne, amma bambancin ya kusa mita guda. Wannan mitar ita ce tsakanin wucewa lafiya da tsinka wayar wutar unguwa. Ka lura da ɗigon da ke tsakanin lambobi. 4.1 ba arba'in da ɗaya ba ne, mita huɗu ne da ɗan ƙari. Masu sabon karatu sukan yi tuntuɓe a nan, ba abin kunya ba ne.

Kwantena ma takan yaudari mutum. Ta yau da kullum tsayinta mita 2.6 ne, amma akwai doguwa mai mita 2.9, kuma daga nesa kamanninsu ɗaya. A kan falat bodi, kwantena ta farko za ta ba ka 4.1, ta biyu 4.4. A duba rubutun da ke jikin ƙofa kafin a ɗora.

Kada a ce to ai lobed ya raba gardama. Cikinsa yakan kartar ƙasa a kan tudun rage gudu, ko a mararrabar layin dogo irin wanda ya bi ta Gusau zuwa Ƙaura Namoda. Mota ta maƙale a kan dogo ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Yaushe ake awo? Bayan an gama lodi da ɗauri, mota na tsaye a wuri mai baje. A nemi abin da ya fi komai tsini a kayan, ko salansa ce ko hannun inji, daga nan za a auna. A rubuta lambar a takarda, a manna a gaban direba. Allon da ke jikin gada ko ƙarfen shingen hanya yana faɗin iyakar tsayi, amma a bar rara. Idan an ƙara wa hanya sabuwar kwalta, ƙasa ta taso, allo kuwa yana nan da tsohuwar lambarsa.

A ƙasarmu ta Kebbi gadojin sama ba su da yawa. Abin da ya fi cin mutane shi ne waya. A cikin gari da bakin kasuwa wayoyi sukan yi lilo tsakanin falwaya da falwaya, kuma da zafin bazara, watan Maris da Afrilu, ƙarfe yana miƙewa waya ta ƙara saukowa. Al'adar nan ta a sa yaro ya hau saman kaya da sanda yana ɗaga waya, ni dai ban ga amfaninta ba sai asarar rai. Babbar waya mai ƙarfin lantarki volt 11,000 ko 33,000 ba sai an taɓa ta ba, wuta takan yi tsalle idan an matsa kusa. In waya ta faɗo kan mota, a zauna ciki a kira ma'aikatan lantarki. Sai in gobara ta tashi za a fita, shi ma da tsalle, ƙafafu a haɗe, ba tare da an dafa jikin mota ba.

Dogon kaya yana kuma sauya tafiyar mota. Buhunan albasar Aliero ko harawa da aka jibga har sama suna ɗaga nauyi can bisa, sai mota ta riƙa rangaji. A kwana ko a gefen hanya da ruwa ya zaizaye, nan take kifewa. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, a rage gudu tun kafin a shiga kwana. Mutum kuwa ba a ɗora shi bisa kaya, jami'an kiyaye haɗurra na kama mai yin haka.

Aikin gida: kana da taransifoma mai tsayin mita 3.2, allon hanya ya ce 4.5. Lissafa a littafinka wace tirela za ta wuce da ita, falat bodi ko lobed, kuma rarar nawa za ta rage. Gobe kowa ya zo da tef ko igiya, za mu auna ƙofar aji.