Ta Ina Asirin Waya Yake Tonuwa Bayan Shiga Shafukan Batsa

Hukuncin kallon batsa malamai sun gama bayaninsa, Katsina kuma jihar shari'a ce tun 2000. Maganarmu a nan ta fasaha ce: wanda ya riga ya shiga irin waɗannan shafuka, da gangan ko don ya danna wani abu da aka turo a guruf, wane sawu ya bari, kuma ta ina ake cutarsa.

Yawanci ba ɗan kutse daga ƙasar waje ne ke tona asiri ba. Hannun da wayar ke bi ne: ƙanen da ya ara zai yi gem, uwargida da ta karɓa za ta kira gida, mai caji a Ƙofar Ƙaura da ake bar wa waya awa uku in an ɗauke wuta. Saboda haka fara da makulli. Sa lamba shida, ba zanen yatsa ba, domin zane yana barin maiƙo a gilashi, na kusa da kai ma yana haddace shi da kallo ɗaya. Kai wa mai caji waya a kashe, ko ka kai fawa bank kawai.

Incognito na Chrome, wato yanayin bincike a ɓoye, mutane sun ba shi girman da ba shi da shi. Aikinsa kawai kada burauza ta ajiye tarihin shafuka da abin da ka rubuta, kuma sai ka rufe duka shafukan kafin ya share. Abin da ka sauke yana nan a cikin Downloads. Kamfanin layinka da mai Wi-Fi, na ofis ne ko na makaranta, suna iya ganin sunan shafin da ka buɗe, ko da ba su ga abin da ke ciki ba. Layin nan kuwa a haɗe yake da NIN ɗinka. In ka shiga akawun ɗinka na Google a cikin Incognito, to ka rusa komai, bincikenka zai iya shiga tarihin akawun. Duba myactivity.google.com ka ga abin da aka tara, ka goge, ka saita ya riƙa share kansa bayan wata 3. Wayar aiki ko kwamfutar ofis kuwa, kada ma a fara.

VPN, manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya daban, yana ɓoye wa kamfanin layi inda ka je, amma mai VPN ɗin shi yake gani. Na kyauta da ba a san mai shi ba, sau da yawa da bayananka yake cin abinci. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Babban tarko shi ne manhaja. Shafi zai ce wayarka ta kamu da bairos, ko sai ka sauke wata fleya kafin bidiyo ya buɗe. Fayil ɗin da ya ƙare da apk daga irin wannan wuri, kada ka girka shi. Da ka girka, zai nemi izinin ganin lambobin mutanenka, saƙonni, kyamara, da Accessibility. Izinin saƙonni yana ba shi lambar OTP ta banki, na ƙarshen kuma yana ba shi damar karanta duk abin da ke kan allo. In ka riga ka girka, kashe data, cire manhajar, bari Play Protect, mai gadin da ke cikin Play Store, ya bincika wayar, sannan ka canza kalmomin sirri daga wata wayar daban. Haka in shafi ya nemi izinin turo sanarwa, danna Block. In ba haka ba, hoton tsiraici zai faɗo maka a allo kana zaune a majalisa.

Galari ma yana cin amana. WhatsApp yana sauke hotunan guruf da kansa, Google Photos kuma, in an saita shi haka, ya kwashe su zuwa akawun, su bayyana a duk wayar da aka buɗe imel ɗin. A saitin WhatsApp, kashe Media visibility da saukewa ta atomatik. Abin da ka goge a Google Photos yana zama a kwandon shara har kwana 60, sai ka shiga ka zubar.

Kafin kai waya gyara, cire sim da memori. Wayoyin Samsung na baya-bayan nan suna da Maintenance mode, wanda ke rufe bayananka ya bar wa mai gyara waya fayau. In taka ba ta da shi, tsaya a gabanka a yi aikin. Canza gilashi ko batir ba ya buƙatar lambar sirrinka. In sayarwa za ka yi, fita daga Google tukuna, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Sai barazana. Imel zai zo yana cewa an ɗauke ka ta kyamara, a biya da Bitcoin ko a yaɗa, har da wata tsohuwar kalmar sirrinka a ciki. Tun 2018 ake wannan damfara. Kalmar daga tsoffin bayanan da aka sace take, bidiyo babu. Canza kalmar, kada ka amsa. Wadda ta fi haɗari ita ce ta “budurwa” da ke jan mutum zuwa kiran bidiyo, ana naɗa. A Yulin 2024 Meta, mai Facebook da Instagram, ta sanar da rufe akawun kusan 63,000 na Instagram a Najeriya kan wannan sana'a. In ta ritsa da kai, kada ka biya ko naira ɗaya, wanda ya biya shi ake komawa. Ɗauki hoton saƙonnin da lambar asusun, toshe shi, kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC. StopNCII.org yana taimaka wa wanda ya kai shekara 18 ya hana hoton yawo a Facebook da Instagram, ba tare da hoton ya bar wayarsa ba.

Abu ɗaya babu saitin da ke rufe shi: hoto ko bidiyon batsa na yaro ko yarinya 'yan ƙasa da 18. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa ajiye shi a waya kaɗai laifi ne na ɗauri, ko da turo maka aka yi. Kada ka tura wa kowa, ko da sunan jan kunne. Kai rahoton wanda ya turo, ka fita daga guruf ɗin.