Babi na 6: Ciyawar da ta daina jin magani

Darasi na 1

Iyayena da yayyena, a wannan babin zamu koyi karanta takardar da ke jikin kwalbar maganin ciyawa, saboda wata matsala da manoma ke kuka da ita a duniya, wato kayi feshi yadda ka saba, da maganin da ka saba, ka dawo bayan sati biyu ka tarar wata ciyawar tana nan tsaye koriya shar kamar ruwa ka zuba mata.

Ga yadda abin ke faruwa, ku biyo ni a hankali. A cikin dubban ciyawa iri ɗaya da ke gona, akan samu ɗaya ko biyu da Allah ya halicce su da ɗan bambanci, maganin baya kama su. Kayi feshi, duk sauran sun mutu, waɗannan biyun sun tsira sun yi fure sun zubar da 'ya'ya a ƙasa. Baɗi 'ya'yan sun tsiro da irin halin uwarsu, ka sake fesa wannan maganin dai, ya kashe masu jin magani ya bar marasa ji, kaga kenan da hannunka kake share masu fili, shekara kaɗan sai ka ga su suka cika gonar. Maganin bai lalace ba, ciyawar da ke gonar ce ta canza.

Kuma abin ya faru a zahiri. Maganin da ake kira Glyphosate ya shigo kasuwa a 1974 da sunan Roundup, ya fi shekara 20 yana aiki, sai a 1996 aka samu ciyawar farko da ta bijire masa a Ostareliya. Bayan nan aka samu tuji da baya jinsa a Malesiya. A Amurka, inda manoman auduga da waken suya suka dogara da shi shi kaɗai shekara da shekaru, wata ciyawa dangin alayyafo ta bijire a jihar Jojiya wajen 2005, ita kuwa ƙwaya ɗaya tana iya zubar da 'ya'ya sama da 100,000, har ta kai manoma masu manyan injuna sun koma ɗaukar 'yan ƙwadago suna cire ta da hannu da fartanya. Yanzu nau'in ciyawa fiye da 250 ne a duniya aka tabbatar sun bijire wa wani magani.

Toh me manomi yake yi in magani ya ƙi ci? Sai ya ƙara yawan maganin, ya ƙara yawan feshin, ya haɗa biyu ko uku a tanki ɗaya, ya koma tsofaffin magunguna irin su 2,4-D da aka yi tun shekarun 1940. Kuɗi na tafiya, guba na ƙaruwa a ƙasa da ruwa da jikin mai feshi, ciyawar kuma tana nan. Wannan ne yake ɓata min rai.

Darasi na 2: Suna biyu ne a jikin kwalba

Wannan darasin shi ne zuciyar babin, in baka riƙe komai ba ka riƙe shi. Ɗauko kwalbar maganin da babu komai ciki, wadda aka wanke, ka sa safar hannu, ka juyo da gabanta wajenka, wato ɓangaren da rubutu ya fi girma.

Rubutun nan babba mai kala da ke sama, shi ne sunan kasuwa. Kamfani ne ya raɗa masa don ya ja ido. Kada ka tsaya a nan. Sauko da yatsanka ƙasa, sannu sannu, zaka ga ƙananan rubutu, a kwalaben da aka rubuta da Turanci akan sa Active Ingredient a wurin. Kalmar da ta biyo baya ita ce sunan sinadarin, shi ne ainihin abin da ke kashe ciyawar. Kusa da shi akwai lamba kamar 360 g/L, ma'anarta giram 360 na sinadarin a cikin kowace lita ɗaya.

Mu sake. Babban rubutu, sunan kasuwa. Ƙaramin rubutu, sunan sinadari. Wanne muke nema? Ƙaramin.

Nasan ƙananan haruffan nan suna wahalar da ido, kuma kalmomin ba na Hausa bane, ba komai, ba sai ka iya furta su ba, abin da nake so kawai ka iya kwafe su harafi bayan harafi. Buɗe littafinka ka rubuta G, L, Y, P, H, O, S, A, T, E. Haruffa goma ne, ƙirga su. Madalla. Yanzu rubuta Atrazine, sannan Paraquat. In hannunka ya karkace ka goge ka sake, babu mai yi maka dariya a nan.

Dalilin da yasa na nace shi ne, in ance wa manomi ya canza magani sai ya je ya sayo kwalba mai wani suna da wata kala, ya dawo hankalinsa kwance wai ya canza, alhali in ka duba ƙaramin rubutun Glyphosate ne a ta farko, Glyphosate ne a ta biyu. Mutum ɗaya ne ya sake riga. Ciyawa bata san sunan kamfani ba, sinadarin ta sani.

Don haka ɗauko kwalba biyu ka ajiye su gefe da gefe. Rufe babban rubutun da tafin hannunka, ee, rufe shi gaba ɗaya. Sa yatsa a ƙaramin rubutun ta farko, sa yatsa a na ta biyu, gwada haruffan ɗaya bayan ɗaya. In sun zo daidai magani ɗaya ne, komai bambancin kwalbar.

Kuma dan Allah jama'a, a daina ce min "ai jar kwalba nake saye" ko "mai hoton masara". Sau nawa zan faɗa? Kala ba suna bace, hoto ba suna bane. Mutum ya zauna a aji wata da watanni ya koyi haruffa, sannan ya je sayen abin da zai zuba a gonar da yake ci da iyalinsa ya kasa sauke ido ya duba layi ɗaya, wannan ba rashin sani bane kuma, sakaci ne. Ƙaramin rubutu nace, ƙaramin rubutu.

Wasu kwalaben suna da ƙarin taimako, akwai ɗan akwati da aka rubuta Group da lamba. Lambar tana nuna hanyar da maganin ke bi ya kashe ciyawa. Glyphosate 9 ne, Atrazine 5, Paraquat 22, 2,4-D kuma 4. In ka ga lambar, in zaka canza magani ka nemi mai wata lambar daban, don sinadari biyu masu suna daban suna iya zama 'yan gida ɗaya.

Darasi na 3: Bijirewa ce ko kuskuren feshi?

Ba duk ciyawar da ta tsira bace ta bijire. Ko ruwan sama ya sauka jim kaɗan bayan feshi, ko ka haɗa Glyphosate da ruwa mai laka wanda ke rage masa ƙarfi, ko ciyawar ta riga ta tsufa, ko ka rage awon da aka rubuta don kwalbar ta isa gonar. Rage awo ma yana taimaka wa ciyawa ta bijire, a auna daidai yadda takarda ta ce.

Alamar bijirewa ita ce ka ga sauran ciyawa duk sun bushe, iri ɗaya ne kawai ya tsira, har ma da 'yar uwarta matacciya a gefenta, kuma wurin yana faɗaɗa duk shekara.

Darasi na 4

In ka ga haka ka tuge ta da hannu kafin tayi 'ya'ya, ka fitar da ita daga gonar. Ka riƙa sauya abin da kake shukawa. Kada ka ajiye fartanya. Ka wanke kayan aiki kafin ka shiga wata gonar.

Aikin gida: kwafo sunan sinadarin da ke jikin kwalba uku, da shekarar da ka fesa kowanne. Ƙaramin rubutun zaka kwafo.