Yadda ake haɗa ƙaramar tankar yaƙi da filin da za ta zauna a kai

Wanda ya tashi a Bauchi ba baƙon tankar yaƙi ba ne, tun da a nan makarantar horar da sojojin tankoki ta rundunar sojin ƙasa take. Kuma yaranmu sun daɗe suna ƙera motar kara da ta gwangwani. Hannun yana nan. Abin da ya rage shi ne awo da haƙuri.

Fara da zaɓen tanka guda, ka tsaya a kanta. Ga mai koyo na fi son T-55, ƙirar Tarayyar Sobiyat da ta fito a 1958, wadda sojojin Najeriya ma suka yi aiki da ita. Siffarta ba ta da sarƙaƙiya, hotunanta kuma sun cika intanet. A can za ka samo su, kada ka doshi bariki da waya.

Sai ma'auni. Masu wannan sana'a sun fi aiki da 1/35, wato kowane tsayi na gaske a raba shi gida 35. Gangar jikin T-55 ta ɗan haura mita 6, don haka taka za ta kai kusan santimita 18, faɗi kusan 9, tsayi sama kusan 7. Mutum kuwa santimita 5 ne kacal. Rubuta waɗannan ka manna a gabanka. Kamfanin Tamiya na Japan yana sayar da ita a kwali, gutsattsarin roba da za ka harhaɗa, amma sai ka yi oda. Da kwali mai tauri, reza, rula, sanfefa da farin gam na kafintoci za ka yi taka, kuma yawancin kayan ba za su gagare ka a kasuwar Wunti ko Muda Lawal ba.

Yanke gangar jiki, ka bar gaban a karkace kamar yadda yake a hoto, ka sa kwali a ciki ya tokare bangarorin. Tayoyin ƙasa biyar ne a kowane gefe. Yanko su daga tsohon silifa, faɗin santimita 2 da ɗan ɗori. Ka lura: akwai tazara babba tsakanin taya ta farko da ta biyu. Da wannan tazarar masana ke gane ta tun daga nesa, kada ka jera su daidai wa daida. Sarƙar da take tafiya a kai kuwa, ɓare fatar kwalin taliya guda, tudu da kwarin da ke ciki su ne sarƙarka. Kan tankar mai juyawa, sassaƙa shi daga farin soson da ke zuwa a kwalin firji, ka lulluɓe da takarda da gam har hawa uku, ya bushe ka goge. Bututun biro ya isa bakin igwa, ka naɗa 'yar takarda kusa da ƙarshensa don kumburin da ke wurin. A baya ka ɗora gangunan mai guda biyu.

Fenti: shafi na farko toka-toka, na biyu kore mai duhu ko ruwan ƙasa. Tsinka fentin, ka yi shafi biyu ko uku marasa kauri. Lokacin hunturu ka kifa roba a kai har ya bushe, in ba haka ba ƙura ta manne.

A nan ne aikin gaske yake, kuma nan mutane ke gaggawa. Tanka mai ƙyalli kayan wasan yara ce. Tsinka baƙin fenti da fenti mai launin ruwan ƙasa sosai, ka ɗiga shi cikin lunguna da gindin ƙusoshi, ka share na sama da tsumma. Sannan ka dangwali fenti mai haske, ka goge burushin a takarda har ya kusa bushewa, ka shafi kusurwoyi kaɗai. Goga fensir a tudun sarƙa, za ka ga ta yi hasken ƙarfen da ya sha tafiya. Ƙura ta fi yawa a ƙasa, tana raguwa in an yi sama.

Filin, samo falanki kamar santimita 30 da 20. Manna farin soso ka sassaƙa tudu da gangare, amma da farin gam kawai, domin sufa gulu da fentin feshi suna cinye soson. Shafe shi da kwaɓin farar ƙasar silin da ka zuba wa ɗan gam da launi. Kafin ya sandare, danna tankar a ciki ta bar sawu, ta ɗan nutse. Abu mai nauyin tan 36 ba ya tsayawa a kan ƙasa kamar kaza.

Kada ka kwaikwayi ciyawar Turai da kake gani a bidiyo. Fita bayan gari ta hanyar Dass ko ta Ningi ka kalli ƙasarmu da kyau: jar ƙasa, manyan duwatsu masu santsi, busasshiyar ciyawa tsibi-tsibi, ƙaya nan da can. Ɗebo ƙasar, ka shanya ta sosai, ka tankaɗe da rariya, ka barbaɗa a kan gam. Tsakuwa mai santimita 1 dutse ne da ya kusa gwiwar mutum, saboda haka ka zaɓa da hankali. Warware igiyar rama ka yanka guntu-guntu, ka dasa a matsayin ciyawa, ba a jere ba. Busasshiyar saiwar ƙaramin tsiro, in ka juya ta sama, bishiyar rani ce sak.

Ajiye tankar a ɗan karkace, kada ta bi layin falankin. Daga nan ka ɗebi garin ƙasar nan da ka tankaɗe, ka shafa a tayoyi da sarƙa da ƙasan jiki da busasshen burushi, yadda launin tankar da na filin za su haɗu. In ka gama, sa mai yankan gilashi ya haɗa maka murfi daidai girman falankin, don ƙura da hannun yara.