Man Tesco ko na Shell, wanne za a sha?

'Yan uwa masu mota a Ingila, kada arahar man manyan kantuna irin su Tesco ko Asda ta sa ku ɗari-ɗari. Duk fetur sai ya cika ƙa'idar BS EN 228, kuma sau da yawa ma'ajiya ɗaya tankokin ke ɗaukowa. Bambancin bai wuce sinadarin wanke inji da Shell da BP ke ƙarawa ba.

Ku fi lura da rubutun jikin famfo. Tun Satumba 2021 man gama-gari E10 ne, wato fetur da aka gauraya da itanol (wani nau'in barasa) har kashi 10 cikin 100. In motarka ta girmi 2011, duba littafinta tukuna: itanol na cin robar bututun mai a wasu tsofaffin motoci, yana kuma jan ruwa in mota ta daɗe a ajiye. Irin waɗannan motoci E5 za a sha musu, wato mai itanol har kashi 5 kawai.