Idan fitilar motarka ta yi gumi daga ciki

Kafin ka kwance komai, durƙusa gaban motar ka dubi gilashin da kyau, don gumin iri biyu ne. Akwai ɗan hazo da ke kwanciya a kusurwa bayan ruwan dare ko bayan wanki. Wannan ba matsala ba ce. Fitilar mota ba a rufe take ruf ba, an bar mata ƴar kafar shan iska ta baya. Iska mai laima ta shiga ta tarar da gilashi da sanyi, sai ta zama raɓa. Kunna fitila kamar minti 20, zai baje. Amma in ka ga ɗigo manya suna gangarowa, ko ruwa ya kwanta a ƙasa, to akwai inda yake shiga, kuma busarwa kaɗai ba za ta raba ka da shi ba.

Buɗe kapo, wato murfin injin, ka leƙa bayan fitilar. Fara da murfin robar da ke rufe mazaunin ƙwai. Motocin da ake kawo mani garaji cikin Agusta, yawancinsu a nan laifin yake: an canza ƙwai cikin gaggawa a bakin hanya, murfin ya zauna a karkace ko an bar shi can. Daga nan laluba kafar iskar, wani ɗan guntun tiyo ne da ya lanƙwasa ƙasa. Ƙurar hunturu tana toshe shi, motar da ta daɗe a ajiye kuwa har zanzaro yakan yi gini a bakinsa. Zare shi, sa tsinken tsintsiya ka fitar da ƙasar, ka hura, ka mayar. Don Allah, Malam, kada ka bari wani ya liƙe wannan kafa da silikon da sunan hana ruwa shiga. Laimar da ke ciki ba ta da sauran mafita ke nan. Huda fitila da ƙusa mai zafi ma ɓarna ce, ƙofa ka buɗe wa ƙura.

Sai busarwa. Kashe mota, bari ƙwan ya huce, ka cire shi ta gindi. Kada yatsa ya taɓa gilashinsa, maiƙon hannu yana sa ƙwan halojin, wato ƙwan da aka saba gani a motoci, saurin mutuwa. Ruwan da ya kwanta, ni sirinji nake sa wa siririn tiyon ƙarin ruwa, in zura ta ramin ƙwai in zuƙe. Sannan a juya gaban motar ga rana daga hantsi zuwa azahar, ramin a buɗe, an yafa masa ƙyalle mai shara-shara. In gari ya haɗa hadari, ari na'urar busar da gashi, amma a zafi kaɗan kuma daga nesa, don gilashin motocin yanzu roba ne. Ƴan ƙullin nan na silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi suna taimakawa, ɗaure su da zare ka rataya a ciki, ka fitar kafin mayar da ƙwai. Madubin ciki kuwa ko tsumma kada ya taɓa shi, fentinsa gogewa yake.

Da ta bushe, ɗauki buta ka riƙa tsiyaya ruwa a hankali kan layin da gilashi ya haɗu da bayan fitila, wani yana haska tocila yana kallon ciki. Zafin Afrilu da Mayu na garin nan yana busar da gam ɗin wurin har ya tsage. Inda ka ga ɗigo ya ɓullo, goge, bari ya bushe, ja silikon siriri, ka ba shi kwana ɗaya kafin ruwa ya taɓa. In gilashin ne ya yi babban tsagu, sai dai canji.

Mai fitilar zenon, mai farin haske mai shuɗi-shuɗi, ya cire kan batir tukuna, don lokacin kunnawa wutarta tana haura bolt 20,000. A motoci da dama akwatin wutarta a ƙarƙashin fitilar yake, daidai inda ruwa ke taruwa, saboda haka kada a yi jinkirin gyara.

Wurin wanki kuma ka gaya wa yara kada su saita bakin injin ruwa a bayan fitila. In tafiyar dare ce gabanka, Tasawa ko Ɗan Isa, inda amalanke ke hawa titi ba fitila, haska bango tun da magariba ka tabbatar duka biyun suna kai haske daidai.