Yadda ake ƙulla abota da soyayya a cikin Turawa mazauna ƙasashe masu tasowa

Duk Baturen da aiki ya kai wata ƙasa mai tasowa, da ranar komawarsa ya sauka. Ɗan sa-kai na Peace Corps, wadda Amurka ta kafa a 1961, wata 27 yake yi: uku na horo, shekara biyu na aiki. Jami'in ofishin jakadanci kan yi shekara biyu ko uku, a wuri mai haɗari kuwa shekara ɗaya tak, kuma ba iyali. Likitan ƙungiyar agajin lafiya ta MSF kan yi wata shida zuwa shekara. Malamin makarantar 'ya'yan baƙi yawanci kwantiragin shekara biyu yake sa wa hannu. Wannan wa'adi shi ke jan akalar kowace hulɗa a tsakaninsu, kuma wanda ya shiga cikinsu bai lura da shi ba, ko baƙo ne irinsu ko ɗan ƙasa, shi ke shan wuya daga baya. Shi ya sa a haɗuwar farko, da an ji suna da sana'a, sai a ce: "Yaushe ka zo, yaushe za ka tafi?" Ba shisshigi ba ne. Kai ma ka yi tambayar, ka kuma riƙe amsar.

Lissafin awanni

Abota lokaci take ci. Binciken Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas, wanda ya fito a 2018, ya nuna ana buƙatar kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, awa 90 kafin ta tabbata, sama da awa 200 kafin a zama aminai. Awannin da aka yi a ofis ana aiki ba su kai na hira da wasa nauyi ba. To, yi lissafi: wanda kake gani awa biyu a mako, sai kun yi kusan shekara biyu kafin ku cika awa 200, a lokacin ɗayanku ya riga ya ɗaure kaya. In awa shida ce a mako, wata takwas ya isa.

Saboda haka a wata ukun farko ka amsa kusan kowace gayyata, ko da gajiya. Bayan nan ka tsaya a kan abu biyu da ake maimaitawa kowane mako da mutane iri ɗaya. Ajin koyon yare, ƙungiyar ƙwallo, wurin ibada, ko zaman karatu duk suna yi. Cibiyoyin yare da al'adu na Faransa da Jamus da Birtaniya, wato Alliance Française da Goethe da British Council, suna da azuzuwa da taruka a manyan birane da yawa. Akwai kuma Hash House Harriers, ƙungiyar gudu da tattaki da wasu 'yan Birtaniya suka fara a Kuala Lumpur a 1938, wadda ta bazu a duniya. Ana samun mutane da sauri a cikinta, sai dai ana rufe taronta da shan giya da barkwanci mai kauri, wanda ba ya sha ya san da haka tun kafin ya je. Manyan taruka irin na InterNations, dandalin da ke haɗa baƙi mazauna ƙasashen waje, na karɓar lambar waya ne kawai, ba a gina aminci a cikin hayaniya. Wanda ya kwanta maka a rai, ka neme shi cikin mako guda, ka faɗi rana da lokaci da wuri. "Sai mun haɗu wata rana" ba ta taɓa haɗa kowa ba.

Bayan 'yan watanni ɗokin sabon wuri yakan gushe, ƙunci ya biyo baya. Masani Kalervo Oberg ya bayyana waɗannan matakai tun 1960. A nan ne ake faɗawa tarkon da ya fi kowanne yawa: zaman da ba a yin komai sai kushe ƙasar da ake ciki, wuta, hanya, direba, mai aikin gida. Yana da daɗi a daren farko. Amma abotar da aka gina a kan ƙorafi ba ta da abin ci sai ƙarin ƙorafi, kuma tana toshe ƙofar 'yan ƙasa gaba ɗaya. In ka ga hira ta yi rabin awa a wannan layi, juya ta ko ka tashi.

Kada duk abokanka su kasance 'yan zuwa ɗaya. Iyalai kan tashi a Yuni da Yuli, lokacin da makarantun 'ya'yansu ke rufe shekara, mutum ya wayi gari ba kowa. Ka haɗa da waɗanda za su daɗe bayanka, da tsofaffin mazauna da suka yi shekara goma ko ashirin. Su waɗannan ba su saurin sakin jiki, don sun yi bankwana har sun gaji. Ba girman kai ba ne, haƙuri suke so.

Abota da 'yan ƙasa ita ce mai saiwa, kuma abin da ke kashe ta shi ne tazarar albashi da ba a magana a kanta. Bature ya bar abokinsa ya zaɓi wurin haɗuwa a wasu lokuta, ya kuma bar shi ya biya in ya ce zai biya. Rance, in za a bayar, a faɗi adadi da ranar biya; in ba za a iya jure rasa kuɗin ba, gara a ce a'a da fara'a tun farko. Sauran kuwa zumunta a ƙafa take: zuwa gaisuwar rashin lafiya da ta'aziyya ya fi gayyatar cin abinci goma.

Inda aka kulle mutane wuri ɗaya

Majalisar Ɗinkin Duniya tana jera wuraren aikinta daga A zuwa E gwargwadon wahalarsu, wasu kuma an hana zuwa da iyali. A irin waɗannan wurare ana kwana gida ɗaya da abokan aiki, akwai dokar hana fita da dare, ana ba da gajeren hutu duk bayan mako 4, 6, 8 ko 12. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Tun makon farko a yi ƙa'ida: daga ƙarfe kaza ba zancen aiki a teburin abinci, rufaffiyar ƙofa ba a ƙwanƙwasa ta sai da dalili, kowa ya san ranar girki da sharar sa. Sirrinka kuma ka ajiye shi wurin wani da ke wajen gidan, don a da'irar mutum talatin magana ba ta kwana.

Soyayya

A wannan rayuwa soyayya gudu take yi. Kaɗaici, tsoro, da ganin juna safe da yamma kan sa wata biyu ya yi kamar shekara. Wannan ba ya nufin ƙarya ce, amma ba a gwada ta ba tukuna. Tambayar farko a yi ta kai tsaye: akwai aure ko alkawari a gida? A wuraren da ba a zuwa da iyali, da yawa sun bar miji ko mata a can, kuma ba kowa ke faɗa ba sai an tambaya. Gwaji na biyu shi ne hutu tare a ƙasar ɗayanku, aƙalla mako biyu, inda ba direba, ba mai aiki, ba alawus, kowa da danginsa da halinsa na asali. Da yawa a nan suke gane wurin ne ya haɗa su.

Akwai dokoki kuma. Sanarwar da Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya fitar a 2003 ta haramta wa ma'aikatan Majalisar mu'amalar jiki da wanda bai kai shekara 18 ba, ko me dokar ƙasar ta ce, ta kuma haramta musanya kuɗi, aiki, kaya ko taimako da wannan mu'amala, ta yi kakkausan gargaɗi kan soyayya da masu karɓar agaji. Yawancin ƙungiyoyin agaji suna da irinta, kuma hukuncinta kora. Soyayya tsakanin shugaba da na ƙasa da shi dole a sanar da ofis a raba layin aiki. Jami'an Amurka masu izinin ganin bayanan sirri wajibi ne su kai rahoto in za su zauna tare da ɗan wata ƙasa ko su aure shi. Wasu ƙasashe suna hukunta zaman tare ba aure, fasfon Turai kuma ba ya kare kowa daga kotun ƙasar da yake zaune. Ta fuskar lafiya, ku yi gwajin jini tare. In an yi kuskure, maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28.

Wata shida kafin kwantiragin da ya fi kusa ƙarewa ya ƙare, a zauna a yanke: wa zai bi wa, ina, har yaushe? Jinkirta wannan zama shi ke raba mafi yawan masoya, domin takardu ba su san gaggawa ba. Ƙasashe da yawa ba sa ba da izinin zama ga wanda ba a ɗaura aure da shi ba, kuma izinin zaman mata ko miji sau tari ba ya haɗa da izinin aiki. Aure a ƙasar waje kan nemi takardar haihuwa, shaidar cewa ba wani aure a kai, takardar saki in an taɓa aure, da fassara da hatimin tantancewa na yarjejeniyar Hague ta 1961 ko na ofishin jakadanci. Wasu takardun wata uku ko shida suke rayuwa, don haka a fara sa ranar aure sannan a nemo su, kada su mutu a hannu.

In ɗaya ɗan ƙasa ne kuma za a koma Yamma, sharuɗɗan sun bambanta. Bizar K-1 ta Amurka, wadda ake ba wanda zai shiga ƙasar don ya auri Ba'amurke, tana so a ce kun ga juna ido da ido cikin shekara biyun da suka wuce, a kuma ɗaura aure cikin kwana 90 da sauka. Birtaniya ta ɗaga mafi ƙarancin kuɗin shigar mai ɗaukar nauyi zuwa fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024. Jamus kan nemi shaidar iya Jamusanci matakin A1, wato matakin farko, kafin a shigo. Bizar ziyara ta yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kwana 90 ce cikin kowane 180, ba a gina gida a kanta. Tun yau ku riƙa ajiye hotuna masu kwanan wata, tikitin jirgi da takardar haya, don jami'in biza hujja yake karantawa. In akwai yara, ku duba ko ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan ɗauke yaro zuwa wata ƙasa ba da yardar ɗayan iyaye ba; ba duka suka shiga ba.

Wanda ya bar aikinsa ya bi miji ko mata shi ya fi kowa shiga haɗari: ɗaya yana da ofis da abokan aiki tun ranar farko, ɗayan yana gida da bango huɗu. Ya kasance yana da asusun banki na kansa, da abin da zai fitar da shi gida aƙalla sau uku a mako, a kuma amince tun farko cewa zango na gaba shi zai zaɓa.

Tafiya

A fara bankwana mako shida kafin ranar. A wannan lokaci mutane kan ja baya ko su tayar da faɗa a kan abin banza, don rabuwa da fushi ta fi sauƙi a zuciya; in ka ga haka daga aboki, kada ka rama. A biya bashi, a nemi gafara inda aka saɓa, a ga mutane huɗu ko biyar ɗaya bayan ɗaya, domin babbar liyafa ba ta ba da damar faɗin komai. Waɗannan huɗu ko biyar su ne za ka iya riƙewa daga nesa, da kira a tsayayyar rana sau ɗaya a wata. Masoyan da nisa zai raba kuwa, kada ɗayansu ya hau jirgi sai an sayi tikitin haɗuwa ta gaba, an kuma sa watan da zaman nesa zai ƙare.